Gonar da Ba a Girbe Ta: Yadda Maharbin Barewa a Amurka Ya Koma Manomi

A tsakiyar 'yar gonar da ke ƙuryar daji a jihar Alabama ko Wisconsin, sau da yawa za ka tarar da wani ɗan keji na waya, faɗinsa bai wuce taku guda ba, an kafe shi da turaku, babu komai a cikinsa sai shuka. Ma'auni ne. A cikin kejin, inda baki ba ya kaiwa, ganye ya kai gwiwa. A wajensa kuwa an cinye shi ƙarƙaf, kamar an bi da aska. Mai gonar yakan zo ya durƙusa ya gwada tsayin ciki da na waje da tafin hannunsa, in ya ga tazarar tana da yawa sai ransa ya yi fari, domin shukarsa ta samu masu ci. Amfanin wannan gona ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga rumbu. Barewa aka nome wa, don ta saba da wurin, ta yi ƙiba, sannan in lokacin farauta ya yi a same ta kusa.

Barewar da ake magana a kanta ba irin tamu ta Sahel ba ce, sunan kawai muka ara mata. Ita wannan ta fi girma, ana kiranta mai farar wutsiya saboda yadda take ɗaga jela in ta firgita, farin ƙarƙashin ya bayyana. Babban bambancin yana ga ƙaho. Na barewarmu ƙaho ne na dindindin. Nata kuwa ƙashi ne mai rassa kamar bishiya, namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara sai ya zubar da shi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro. Daga Afrilu zuwa Agusta ƙahon yana girma lulluɓe da fata mai laushi cike da jijiyoyin jini, a Satumba ya bushe, namijin ya goge fatar a jikin itace, ya shirya wa faɗan barbara na Nuwamba. Tun da kowace shekara ake sake gina shi daga tushe, ƙahon nan yana nuna shekarun dabbar da kuma irin abincin da ta samu. Daga nan duk wannan harka ta samo asali.

Bahaushen da ya shiga irin wannan gona a kudancin Amurka cikin watan Yuli zai ga abin da ya sani. Wake ne, irin namu, wanda asalinsa na Afirka ne, ya ƙetare teku a zamanin cinikin bayi, kuma har gobe Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Maharba suna shuka shi a Mayu ko Yuni don ganyensa, kamar yadda manominmu ke ƙirga harawa cikin ribar gona, domin yana jure zafi da ƙarancin ruwa, kuma ganyen yana da furotin mai yawa a daidai lokacin da mace ke shayarwa, namiji kuma ke gina ƙaho. A gefen gonar za ka iya ganin layin doguwar dawa da aka shuka don ta zama shinge, ta kāre gonar daga idon masu wucewa a hanya, ta kuma ba maharbi damar shiga maɓoyarsa ba tare da an gan shi ba. Waken soya ma yana nan. In Agusta ta raba, sai a koma shukar sanyi: alkama da danginta, da ganyayyakin dangin kabeji masu saiwa, waɗanda barewa ke tono su da kofato daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara a jihohin arewa. Sarauniyar su duka ita ce kuloba, wata gajeriyar ciyawa mai ganye uku-uku daga dangin wake, wadda in aka kula da ita takan yi shekara uku zuwa biyar ba a sake shuka ba.

Aikin kuma noma ne na gaske, da wahalarsa da kashe kuɗinsa. Akan fara da ɗibar ƙasa daga wurare da yawa a gonar, a gauraya a bokiti, a aika wa ɗakin gwaji na jami'ar jiha. Ƙasar daji takan yi tsami, kuma in tsamin ya yi yawa ko an zuba taki shuka ba ta iya cin moriyarsa, don haka sai an watsa garin dutsen farar ƙasa, sau da yawa tan guda ko biyu a kowace eka, har ma'aunin ya hau tsakanin 6 da 7. Sannan feshi, sannan huɗa, sannan iri, sannan jiran ruwan sama kamar kowane manomi. Gonakin iri biyu ne. Akwai manya, masu eka da yawa, don ciyarwa. Akwai ƙanana, rubu'in eka ko rabi, a ɓoye kusa da makwancin dabbobin, don harbi. A bakin irin waɗannan ake ɗaure ɗan dandamali a saman bishiya, kuma ba a hawansa sai ranar da iska ke kaɗawa daga gonar zuwa ga maharbi, domin hancin barewa ya fi idonta.

Me ya sa mafarauci, wanda aikinsa bin sawu ne, ya ɗauki fartanya? Amsar farko tana cikin tarihin dabbar kanta. A ƙarshen ƙarni na 19 'yan kasuwar nama da fata sun kusa ƙarar da ita, sare daji ya ƙarasa sauran. Wajen 1900 abin da ya rage a faɗin Amurka bai wuce rabin miliyan ba, a wasu jihohin ma babu ko ɗaya. Dokar Lacey ta 1900 ta toshe safarar naman daji da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe harajin bindigogin farauta da harsasai, wanda yanzu kashi 11 ne cikin 100, don aikin raya namun daji. Da wannan kuɗi jihohi suka kama barewa daga inda ta saura suka kai inda ta ɓace, suka hana harbin mata. Abin ya yi nasara fiye da zato: yau ana ƙiyasta yawanta da kusan miliyan 30, kuma maharba suna kashe kimanin miliyan 6 kowace shekara ba tare da garken ya ragu ba. Kakan maharbin yau in ya ga sawu kawai sai ya ba da labari a gari. Jikansa yakan ga ashirin a maraice guda. Da ganin barewa ya daina zama labari, sai buri ya koma kan wace irin barewa, wato namiji babba mai faffaɗan ƙaho. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, tana da tsarin auna ƙaho da inci da kundin ajiye sunaye, kuma maharba da yawa sun haddace cewa wani manomi ɗan Kanada, Milo Hanson, ya harbi namijin da ƙahonsa ya haura inci 213 a 1993. Inda aka sa ma'auni, gasa ba ta da nisa.

Amsa ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, tana cikin doka. A Amurka namun daji ba na mai ƙasa ba ne. Tun daga wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1842 aka gina ƙa'idar cewa amana ce a hannun jiha, tana riƙe wa jama'a baki ɗaya, saɓanin tsohuwar al'adar Ingila inda barewa ta sarki ce da manyan masu ƙasa. To amma dabbar ta kowa ce, ƙasar da take takawa kuma ta wani ce. A gabashin Amurka da tsakiyarta mafi yawan filaye na masu zaman kansu ne; a Texas sun haura kashi 90 cikin 100. Namiji baligi yakan yi yawo a fili mai faɗin eka ɗari shida ko fiye, a lokacin barbara ma ya zarce haka. Mutumin da ya mallaki eka arba'in ba shi da ikon cewa wannan barewa tawa ce. Ikonsa ɗaya ne: ya sa ta fi son wajensa a kan na maƙwabcinsa. Gonar barewa ita ce hanyar da mai ƙasa ke bi ya jawo dukiyar jama'a cikin iyakarsa ba tare da ya karya doka ba.

Al'adar shuka ɗan fili kore don jawo barewa ta daɗe a kudu, musamman a ƙungiyoyin mafarauta da ke hayar daji daga kamfanonin katako. Abin da ya mayar da ita harkar ƙasa baki ɗaya ya faru ne a 1988, ta hannun mutum biyu. A South Carolina, masanin namun daji Joe Hamilton ya kafa ƙungiyar Quality Deer Management Association, yana bin sawun tunanin da Al Brothers ya yaɗa a Texas tun shekarun 1970. Koyarwarsu mai sauƙi ce: ka ƙyale ƙaramin namiji ya girma, ka harbi mata daidai yadda garke ba zai fi ƙarfin daji ba, ka gyara mazauni, ka rubuta abin da ka gani. A Alabama kuwa, Ray Scott, wanda ya riga ya yi suna wajen mayar da kamun kifi gasa mai kuɗi, ya kafa kamfanin Whitetail Institute, ya fara sayar da irin kuloba da aka ce don barewa aka tace shi. Ɗaya ya kawo aƙida, ɗaya ya kawo buhu mai hoton ƙaton ƙaho a jiki. Maharbi ya karɓi duka biyun, amma buhun ya fi sauƙin ɗauka.

Kayan aiki suka zo suka sauƙaƙa sauran. Maganin ciyawa na gilaifoset ya yi arha, a 1996 kuma kamfanin Monsanto ya fito da waken soya da feshin ba ya kashewa, sai ya zama ma'aikacin ofis da bai taɓa noma ba zai iya share gona a Asabar guda. Babur mai ƙafa huɗu ya maye gurbin tarakta ga mai ƙaramin fili. Sai kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, mai ɗaukar hoto da zarar wani abu ya gifta, wadda yanzu take turo hoton kai tsaye cikin wayar mai ita. Wannan ƙaramar na'ura ta sauya zuciyar farauta fiye da yadda ake lura. Mutum yana zaune a gari yana kallon namiji guda tun yana ɗan shekara biyu, ya san tsagar kunnensa, ya san reshen ƙahonsa da ya karkace, ya raɗa masa suna, ya tsinci ƙahon da ya zubar a Fabrairu ya ajiye a falo. In shekara ta biyar ta zo, a zuciyarsa wannan dabba tasa ce, ko da doka ba ta ce haka ba. Wanda ya san kiwo ya san wannan ji. Na makiyayi ne.

Akwai kuma wata kafa a doka da ta taimaka. Jihohi da yawa sun haramta zuba masara ko wata tsaba a tsibi don jawo barewa a harbe ta, amma ba su haramta shuka ba, domin shuka noma ce. Wanda aka hana shi buhun masara sai ya shuka masarar ya bar ta a tsaye. Masu zuba tsaba suna ƙorafin cewa bambancin na aljihu ne kawai: mai fili da tarakta an kira shi mai raya daji, mai buhu guda an kira shi mai laifi. Ƙorafin yana da kama, kuma yana cikin abin da ya sa wasu jihohin kudu suka sassauta. Alabama ta halatta zuba tsaba a 2019 ga wanda ya sayi lasisi na musamman.

To me gonar ta haifar? A fara da alƙawarin da ke jikin buhu, wato babban ƙaho. Cewa abinci yana gina ƙaho gaskiya ne, kuma masu bincike na Jami'ar Jihar Mississippi sun nuna haka ta hanya mai gamsarwa. An daɗe ana cewa barewar yankin Delta mai ƙasa mai albarka ta fi ta bakin teku girma ne saboda jini. Kamar dai yadda muke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai suka kamo mata masu ciki daga yankuna uku na jihar, suka killace su, suka ba 'ya'yansu abinci iri ɗaya mai kyau. 'Ya'yan farko na yankin da ƙasarsa ba ta da ƙarfi sun ci gaba da zama ƙanana. Amma jikoki, waɗanda iyayensu mata suka tashi cikin ƙoshi, sun kusa cike tazarar. Ashe abin da ake ɗauka gado ne na jini, yunwar uwa ce take bin ɗa. Sai dai a kula da sharaɗin gwajin: dabbobin suna killace, suna cin abinci mai kyau kowace rana ta shekara, har tsara biyu. Eka biyu na kuloba a cikin dajin da barewa ke yawo eka ɗari shida ba za su yi wannan aiki ba. Ɗan kejin wayar nan shi ke tona asiri, domin in waje ya zama ƙasa tsirara tun Oktoba, gonar ta jawo baki ne fiye da abin da za ta iya ciyarwa.

Abin da ya fi sauya ƙahon barewar Amurka shi ne haƙuri. A 1989, kashi 62 cikin 100 na mazan da aka harbe 'yan shekara ɗaya da rabi ne, ƙahonsu na farko ke nan. A 2020 sun sauko zuwa kashi 26, kamar yadda alƙaluman National Deer Association suka nuna, wato ƙungiyar da ta gāji ta Hamilton. Namiji ba ya kai ƙarshen girman ƙahonsa sai wajen shekara biyar ko shida, don haka ɗaga yatsa daga kunamar bindiga ya fi kowane taki aiki. A nan ne nake ba gonar haƙƙinta. Mutumin da ya yi gumi a wuri tun Afrilu, ya san dabbobin ɗaya bayan ɗaya, shi ne ya fi iya kallon ƙaramin namiji ya wuce. Gonar ba ta ciyar da barewa yadda ake zato ba, amma ta tarbiyyantar da maharbi. Ta kuma mayar da shi mai zuwa daji duk shekara maimakon mako guda, ta sa ya san ƙasarsa, ya kai 'ya'yansa su watsa iri. Maƙwabta da yawa sun haɗa kai sun yi yarjejeniyar abin da za a harba da abin da za a bari a kan dubban eka. Zomaye, talotalon daji da ƙudan zuma duk suna cin arzikin kuloba.

Masana irin su Craig Harper na Jami'ar Tennessee sun daɗe suna tunatar da maharba cewa abincin barewa na asali tohon itatuwa ne da ganyayen daji da 'ya'yan itace, kuma daji mai rufaffen sama, wanda rana ba ta kai ƙasansa, kusan fanko ne a wajenta. A rage itatuwa, a sa wuta da lissafi, sai ƙasa ta fitar da abinci da mafaka a ɗaruruwan eka. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Aldo Leopold, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya lissafa tun 1933 cewa kayan da suka halaka namun daji su ne za su dawo da su in an yi amfani da su da hankali: gatari, garma, saniya, wuta da bindiga. Kasuwa ta ɗauki garma ta ɗaukaka ta a kan sauran, domin ita ce ake sayar wa iri da taki kowace shekara. Wuta da gatari ba su da buhun da za a buga wa hoto.

Bindiga ma tana da tata matsalar. Inda aka ƙara abinci, mata sun fi haihuwar tagwaye, garke ya ƙaru. Koyarwar Hamilton ta ce a harbi mata, amma mai jiran ƙaton namiji yakan ji tsoron ƙarar harbi ta kore shi, wani kuma yana son ganin gonarsa cike da dabbobi. A yawancin gabashin ƙasar babu kyarkeci ko damisar dutse da za su rage su. Sakamakon yana bayyane a dajin Allegheny na Pennsylvania, inda masu bincike suka kewaye wasu filaye da waya, irin kejin nan amma babba: ciki matasan itatuwa sun yi cunkus, waje kuwa sai wata ciyawa da barewa ba ta ci, babu ɗan itacen da zai gāji manyan. Lokacin da masanin hukumar farauta ta jihar, Gary Alt, ya tsaya kai da fata a farkon shekarun 2000 cewa sai an ƙara harbin mata, fushin maharba ya kai shi ga sa rigar sulke zuwa wasu tarurruka, kuma a 2004 ya ajiye aikin. A kan tituna ma, motoci fiye da miliyan guda ne ke karo da barewa kowace shekara. Ba gonar ce ta ƙirƙiro wannan yawa ba, amma tana ƙara masa itace.

Sai batun wanda ke samun shiga. Da zarar fili ya yi suna da manyan ƙahoni, farashinsa ya daina bin amfanin gona. Gundumar Pike a Illinois, gundumar Buffalo a Wisconsin da kudancin Iowa sun zama wuraren da masu kuɗi daga nesa ke sayen ƙasa ko hayarta don farauta kaɗai, har akwai kamfanonin dillancin filaye, irin su Whitetail Properties, da wannan ne sana'arsu. Manomin da a da yakan ce wa ɗan maƙwabci shiga ka yi harbinka, yanzu ya ba da hayar dajin ga baƙo, an kafa allon hana shiga. Ba na ganin laifin manomin. Kuɗin haya yana biya masa haraji. Amma farauta a can al'adar talaka ce, ma'aikacin masana'anta da ɗansa, har a da makarantu a karkarar Pennsylvania sukan rufe ranar buɗe farauta. Yawan mafarauta ya sauko daga kusan miliyan 17 a farkon shekarun 1980 zuwa miliyan 11.5 a ƙidayar 2016. Dalilan suna da yawa, komawa birni da tsufan masu yi suna ciki, amma rashin wurin zuwa yana cikin abin da masu bari suka fi ambata. Kuma kuɗin lasisin waɗannan mutane shi ne ƙashin bayan hukumomin namun daji na jihohi. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin: ƙasar da ta yi alfahari da cewa barewa ba ta sarki ba ce tana komawa, eka bayan eka, ga tsarin da ta guje wa, ba tare da an sauya harafi ɗaya na doka ba.

Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne wajen cuta. A 1967 aka fara lura da wata cutar ramewa a wata irin barewa da aka killace a Colorado, wadda ake taƙaita sunanta da CWD. Ba ƙwayar cuta ce irin wadda aka saba ba. Wani furotin ne da ya lalace, yake lalata 'yan'uwansa a ƙwaƙwalwa, dangin cutar haukan shanu. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, duk wadda ta kamu sai ta mutu, amma takan yi fiye da shekara tana yawo kamar lafiyayya tana zubar da cutar a miyau da fitsari da kashi, kuma abin yakan zauna a ƙasa shekaru. Yanzu tana cikin jihohi fiye da talatin, ta kai Kanada, a 2016 ma an gan ta a Norway. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita. Duk abin da ke tara baki da yawa a wuri guda yana taimaka mata. Michigan ta ga irin haka tun 1994 da tarin fukan shanu, wanda ya yaɗu a barewar da ake ciyarwa a arewa maso gabashin jihar har ya shiga garken manoma, kuma a 2019, saboda CWD, ta hana zuba tsaba a duk ɓangaren kudu na jihar. Gona ta fi tsibin masara dama, domin bakuna suna bazuwa a eka maimakon su haɗu a faɗin tabarma. Amma 'yar gonar rubu'in eka da ake cinyewa har ƙasa, shekara bayan shekara a wuri guda, ba ta da nisa da tsibin.

Cutar ta kuma soki aƙidar Hamilton a tsakiyarta, domin manyan maza, waɗanda ake ƙyalewa su girma, su ne suka fi ɗauke da ita, su ne kuma suka fi yawo. A wasu sassan kudu maso yammacin Wisconsin kusan rabin manyan mazan sun kamu. Missouri ta soke dokar kāre ƙananan maza a gundumomin da cutar ta ɓulla, wato ta nemi maharba su harbi abin da aka yi shekara talatin ana koya musu su bari.

Wisconsin ta gano cutar a Fabrairun 2002, kusa da garin Mount Horeb, ta kuma ƙudiri aniyar ƙarar da kusan duk barewar yankin kafin abin ya bazu. A takarda tana da iko, domin dabbobin nata ne. A ƙasa kuwa kusan kowane daji yana bayan ƙofar wani, kuma masu ƙofofin, waɗanda da yawansu sun sayi filayen ne ko sun gyara su don barewa, ba su yarda a shafe abin da suka rena ba. Jihar ta ɗora wa maharba dokar cewa sai mutum ya harbi mace kafin a ba shi izinin namiji. Suka tsane ta, a 2011 majalisar jihar ta soke ta. Maƙwabciyarta Illinois, wadda ta gano cutar a shekarar 2002 ɗin, ta riƙa tura ƙwararrun maharban gwamnati a hunturu zuwa wuraren da ta ɓulla, ta riƙe ta ƙasa-ƙasa shekaru da dama, amma su ma ba sa taka fili sai mai shi ya ba da izini. A yankin Mount Horeb yanzu, maharbin da ya samu namijin da ya yi shekara biyar yana kallo a waya yakan kai kan dabbar wurin gwaji, a ciro wasu ƙananan kaluluwa daga wuyanta, ya zuba naman a firiza da alama a jikin leda, iyalinsa ba sa taɓawa sai sakamako ya fito bayan kwanaki.